Soso a Bangon Ƙaramin Ɗaki

Litinin, da hantsi

Na hau benen nan yau. Wanda ke saman shagon tayoyi, inda studiyon Oga yake, wanda na shekara ina ce miki wata rana zan hau in ce ya koya mini aiki. Na tarar da shi gaban na'ura yana cin gyaɗa, ƙafa ɗaya kan kujera. Na ce masa gyaran rediyo da lasifika nake yi a kasuwa, ina kuma haɗa kiɗa a tsohuwar kwamfutata a gida, so nake in zama furodusa. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kowa ma so yake. Ka iya naɗe kebur?" Na ce na iya. Ya sa ƙafa ya turo mini tulin igiyoyin makirufo da suka cukurkuɗe. Na zauna a ƙasa na warware su, na naɗe. Da ya duba sai ya ce in riƙa zuwa kullum in na rufe shago. Babu albashi. Zan yi shara, zan dafa shayi, zan yi shiru in kalla.

Da kina nan da kin ce, "Injiniya, ashe dai ƙafarka ta san hanyar bene." Na shigo gida da maganar a bakina, na tuna ba wanda zan faɗa wa.

Talata, da yamma

Na kira wayarki can gidanku. Mama ce ta ɗauka. Na gaishe ta, ta amsa da kyau, ta ce kina barci.

Alhamis, bayan na dawo daga studiyo

Wani mawaƙi ya zo, Dogo ake ce masa, kansa na kusan taɓa fanka. Muryarsa na da daɗi amma da ya shiga ɗakin ɗaukar murya sai ta tsinke, ya yi ta maimaita baiti ɗaya yana zufa. Ni a raina na ce a gyara masa da na'ura mana, ai ana yi. Oga sai ya kashe komai, ya fito da shi, ya ce in kawo shayi. Suka zauna suna hirar ƙwallo, har suka yi musu kan wani mai tsaron raga. Can Oga ya ce, "Shiga ka gwada mini, ba ɗauka zan yi ba." Ƙarya yake, ya danna maɓallin ɗauka. Dogo ya rera ta tiryan-tiryan ba tuntuɓe.

Da ya tafi Oga ya ce da ni, "Ka gani? Maɓallan nan wata biyu sun ishe ka. Mutumin da ke bayan gilashin shi ne karatun." Na gyaɗa kai kamar na gane. A hanya na yi ta tunanin ni da na kasa sa mutum ɗaya ta yi magana a cikin gidana.

Juma'a, da safe

Kofinki na nan inda kika bar shi a kan taga. Na wanke na mayar da shi wurin.

Asabar, da azahar

Oga ya ce wanda bai da ɗakin da zai ɓata kiɗa ɗari a ciki ba zai taɓa yin ɗaya mai kyau ba. Ya ce ko kicin ne in samu, in manna soso a bango saboda amsa-kuwwa. Ya ba ni ragowar soson da ya rage masa, baƙi, mai ƙulu-ƙulu.

Ba mu da wani ɗaki sai ƙaramin.

Na daɗe tsaye a ƙofar kafin na buɗe. Har yanzu warin fenti bai gama fita ba, ruwan ƙwan nan da kika zaɓa bayan kin sa ni na mayar da gwangwani biyu. Na kwance ƙaramin gadon a hankali, na zuba kusoshin a leda na ɗaure a jikin ƙafarsa don kada su ɓace. Na ɗora shi kan kabad ɗinmu. Jakar kayan ban buɗe ta ba, na dai matsar da ita. Ban zubar da komai ba, ban ba kowa komai ba. Ina so ki san wannan.

Na manna soson. Ya rufe fentin sai ɗan wuri kusa da taga da bai kai ba. Na tafa hannu a tsakiyar ɗakin, sautin ya mutu nan take. Oga ya ce haka ake so.

Lahadi, da yamma

Kina barci, in ji Mama.

Talata, da hantsi, a shago

Ba kowa, sai wani rediyo da mai shi ya manta da shi. Bari in rubuta abin da Oga ya ce jiya don kada ya zube. Ya ce ba wanda ke ba sabon furodusa aiki, shi ke ƙirƙiro wa kansa. In nemi mawaƙan da ba a san su ba in yi musu kiɗa kyauta, in sun tashi mu tashi tare. In sa aikina a intanet ko da mutum biyu ne za su ji, ɗaya ma ni ne. In je duk inda ake kafa lasifika in taya ɗauka, a san fuskata. Kada in raina talla, ko ta mai sayar da omo ce. Ya ce shi da tallar maganin ƙwari ya fara, har yau in ya ji warinsa sai ya ji amshin.

Na ce da Dogo zan yi masa kiɗa ba ko sisi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar na ba shi mota.

Laraba, da safe

Na yi wa Dogo kiɗa uku, duka sun fito a hankali, kamar masu tafiya bayan ruwan sama. Ya saurara ya ce, "Malam, na rawa nake so fa. Wannan ai sai mutum ya tuna da bashin da ake binsa." Muka yi dariya. Na ƙara gudun gangar. Fiyanon dai ya ƙi, duk yadda na juya shi sai ya koma can ƙasa.

Ke ce kike sanin inda kiɗa ya lalace. Ba ki san sunan ko maɓalli ɗaya ba, kina yankan albasa za ki ɗaga wuƙa ki ce, "Nan. Nan ne na fara tunanin wani abu dabam." Yanzu ina kunna su a ɗakin soso, in juya, ba kowa a ƙofa.

Alhamis, da rana

Yaya ta zo da abinci a kula. Ta leƙa ƙaramin ɗakin, ta ga soson a bango. Da muka zauna ta ce, "Ƙanena, mutane na magana. Wai matarka na can gidansu ba lafiya, kai kana nan kana kaɗe-kaɗe." Na ce su yi. Ta ce, "Ba su nake ji ba. Ka je ka gan ta." Na ce na je sau biyu a makon farko, kin juya fuska bango, Mama ta ce a ba ki lokaci. Yaya ta ce, "Lokaci aka ce ka ba ta, ba a ce ka ba ta bayanka ba."

Na ci abincin don ta tafi da kwanciyar hankali.

Juma'a, da yamma

Ban kira ba yau. Na riƙe wayar har ta yi zafi.

Litinin, bayan la'asar

Oga ya ba ni aikina na farko. Ni kaɗai, daga farko har ƙarshe, sunana a kai. Talla ce ta rediyo, ta wata Hajiya da ta buɗe sabon shago. Ya ce shi yana da aikin da ya sha masa kai, in ɗauka. Na ce na ɗauka tun bai rufe baki ba. Na sauko benen da gudu kamar yaro. A ƙasa na ciro waya zan kira ki, sannan na mayar.

Gobe za ta zo.

Talata, da yamma

Ta zo. Mace mai fara'a, mai ƙamshin turare, ta cika ɗakin da magana. Ta miƙo mini abin da take so a faɗa. Gadaje, shawul, baho, ƙananan safa, ragar sauro. Shagon kayan jarirai ne. A ƙarshe a ce, "Ku shirya kafin baƙonku ya iso."

Ta ce tana so a buɗe da dariyar jariri, irin mai ƙyalƙyalawar nan, duk matar da ta ji ta ajiye abin da take yi. Ta dube ni ta ce, "Kai kana da yara?"

Na tambaye ta shayi za ta sha ko ruwa.

Laraba, da safe

Ban buɗe shago ba.

Laraba, da yamma

Oga na da tarin sautuka a kwamfutarsa, ƙarar ƙofa, ruwan sama, kukan zakara, komai. Na nemo na jarirai. Na sa hedfon a kunne na danna na farko.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na tsinci kaina a bayan shagon tayoyi, tsakanin tsofaffin tayoyin da aka jibge. Mai facin ya dube ni ya kau da kai, Allah ya saka masa. Can sai ga Oga, da ledar gyaɗarsa. Bai tambaye ni ba. Ya zauna kan taya ya miƙo mini ledar. Muka yi ta ɓarewa. Sai na ji bakina na faɗa masa. Tun daga daren da muka tafi asibiti da jaka, har ranar da muka dawo mu biyu da jakar. Ban taɓa faɗar shi da murya ba, ko ga Yaya, ita ta ji ne a wurin likita.

Ya yi mini gaisuwa yadda ake yi. Ya ce, "Da ka faɗa mini da ban haɗa ka da ita ba. Bar shi, ni zan yi." Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Alhamis, da hantsi

Zan yi. Ban san dalili ba. Wataƙila don in na gudu daga wannan, zan yi ta gudu daga kowane shago mai ƙananan safa a taga har in tsufa.

Amma ba dariya.

Asabar, da yamma

Na ɗauko fiyanon nan da Dogo ya ƙi, mai tafiya a hankali. Na sa shi a ƙasa, na ɗora ƙaramar ƙararrawa a kai. Na ce da Hajiya ita za ta karanta da bakinta, ba sai an ɗauko mai gabatarwa ba. Ta ce ita ina, muryarta kamar ta mai rabon faɗa a kasuwa. Ta shiga ɗakin gilashi ta yi ta ihu cikin makirufo kamar ana gwanjo. Na kashe na'ura na fito da ita, na kawo shayi. Na tambaye ta me ya sa kayan jarirai, ba atamfa ba. Ta ce lokacin haihuwarta ta fari ba ta da komai, da tsohon zanenta ta naɗe yaron, ta yi alkawari a ranta. Muryarta ta sauko tana faɗa. Na ce, "Hajiya, da wannan muryar za ki karanta mini. Gwaji ne kawai." Na danna.

Da ta ji ta ce, "Ina dariyar?" Na ce ta ƙara saurara sau ɗaya, in ba ta yi ba zan sa. Ta saurara ido a rufe. Ta ce, "Wai ni ce wannan?" Ba ta ƙara maganar dariya ba.

Oga ya gyara mini wuri biyu inda ƙararrawar ta danne magana. Ya ce sauran ya yi. Daga bakinsa wannan kamar lambar yabo ce.

Ranar Talata za a fara sa ta a rediyo.

Lahadi, da safe

Rediyon Mama. Ni na gyara mata shi da hannuna. Yana kan firij daga safe har dare, ba a kashe shi. Fiyanon kuwa kin san shi, tun muna sabon aure nake juya waɗannan sautukan, ko cikin barci kika ji za ki gane hannuna.

Za ki ji shi a kicin ɗin Mama, ana cewa ku shirya kafin baƙonku ya iso.

Litinin, bayan na dawo

Na je. Ban kira ba don kada a ce kina barci.

Mama na tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sosai ta ce, "Ɗan nan, ka rame." Na ce aiki ne. Ta ce, "Tana ciki. Ba barci take ba. Dama yawanci ba barcin take ba." Ta ci gaba da tsintarta.

Kina zaune bakin gado da rigar da na sani, ta yi miki yawa yanzu. Kin amsa gaisuwata ba ki dube ni ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Na ce na zo in faɗa miki wani abu kafin ki ji a rediyo. Na faɗa miki duka, benen, Oga, Hajiya, tallar. Na faɗa miki maganar soson da gadon da ke kan kabad. A nan kika ɗago.

Kika ce, "Ka iya. Kai dai ka iya ci gaba."

Na ce ban gane ba.

Kika ce, "Ranar da muka dawo daga asibiti. Ina kwance ko juyi ba na iyawa, ka shiga falo ka rufe ƙofa ka kunna kiɗa. Har bango na girgiza. Na ce a raina, wannan mutumin bai rasa komai ba. Shi ya sa da Mama ta ce in biyo ta ban yi musu ba."

Ashe wannan ne. Duk makonnin nan ina ta lalube, ko wata magana na faɗa, ko wadda ban faɗa ba.

Na ce, "Na kunna ne don kada ki ji ni. Likita ya ce kada a tayar miki da hankali. Ni kuma abin ya taso mini, na rasa inda zan kai shi, gidan ɗaki biyu ne. Na cusa fuska a kujera na ƙure sautin."

Kika ce, "Da ka bari na ji."

Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Mama ta turo ƙofa ta ajiye mana ruwa ta fita. Ba wanda ya sha. Kika sauko daga gadon a hankali, kina dafa wurin ɗinkin tiyatar, kika zauna a ƙasa kusa da ni, kafaɗarki na taɓa tawa. Muka zauna haka. A waje wani na ta buga ƙofar maƙwabta.

Sannan kika yi tambayar. Na san tana nan tun a asibiti, ita nake gudu duk lokacin da kika buɗe baki. Lokacin da allurar barcin ta sake ki an riga an gama komai, an tafi da jaririyar. Ni kaɗai aka miƙa wa ita a cikin farin zane. Mama ta hana kowa ya yi miki zancen.

Kika ce, "Da wa ta yi kama?"

Na ce, "Da ke. Goshin, bakin, har ɗan ramin haɓar nan. Gashi cike da kai, baƙi wuluk." Na ƙara da cewa, "Kunnuwan ne kawai nawa. Sun ɗan buɗe haka."

Kika yi wata dariya da ta karye a tsakiya. Kika ce, "Allah sarki, yarinyata. Duk abin da za ta ɗauko a wurinka." Daga nan muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tuntuni. Ba wanda ya rufe ƙofa. Na ji Mama ta rage muryar rediyo, sannan ta kashe shi gaba ɗaya.

Kika sa na ba ki labarinta sau uku. Yatsunta, nauyinta a hannuna, abin da na raɗa mata. Na ba ki duka, ban rage komai ba.

Talata, da hantsi

An sa tallar. Ina shago na ji ta daga rediyon mai shayi, a tsakanin labarai da sanarwar ɓatan akuya. Ba wanda ya ɗago kai. Dogo ya kira yana cewa ai wannan fiyanonsa ne, a dawo masa da shi. Oga ya ce wani mai gidan burodi ya tambayi wanda ya yi.

Ban san ko kin ji ba. Ban tambaya ba.

Laraba, da yamma

Ke kika kira. Da kanki, da muryarki.

Kin ce ba yanzu za ki dawo ba, kina so ki ƙara ƙarfi tukuna, kuma ba ki san ranar da za ki iya shiga ƙaramin ɗakin ba, da soso ko ba soso. Na ce ba gaggawa. Kin ce jibi za ki koma asibiti a duba ɗinkin, Mama ta ce za ta raka ki, amma kin ce mata ta huta.

Kika ce, "In mun fito, ka kai ni inda take. Ban san wurin ba."

Na ce zan kai ki.

Na gaya wa Oga ba zan zo ranar Juma'a ba. Ya ce mai burodin zai jira.